Gidan Wuƙaƙe, Babu ta Yanka Albasa

Gidan da na yi aure a cikinsa ya fi kowane gida a ƙauyenmu yawan wuƙaƙe, amma ni matar gidan na yi shekaru ina yanka albasa da wata 'yar banzar wuƙar kanti, wadda ko kabewa ta gani sai ta lanƙwashe. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa ke nan. In na je ganin gida a Kura na faɗa wa 'yan'uwana, sai su yi ta dariya su ce ƙari nake yi. Wallahi babu ƙari a ciki.

Ƙauyen namu yana tsakanin Kura da Bunkure, cikin gonakin nan da aka baje aka jawo musu ruwa ta kanal. A shekarun tamanin ruwan ya riga ya zauna da gindinsa. Rani ya daina zama lokacin tafiya cin-rani ko zaman gindin bishiya, kowa yana da ɗan filinsa a bakin ruwa, wani alkama, wani albasa, wani tumatir. Maigidana manomin tumatir ne, kuma ya iya. Mutum ne mai sanyin hali, ba ya shan taba, ba ya zuwa kallon dambe, ko goro sai an ba shi. Abu guda Allah ya jarabce shi da shi, shi ne tara tsofaffin wuƙaƙen aljihu.

Ba kowace wuƙa ba. Manyan nan na mahauta ba su dame shi ba, balle adda ko takobi. Ƙanana yake so, ƙirar maƙeran dā, irin waɗanda dattawa ke jefawa a aljihun taguwa. Akwai ta fiƙe alƙalami irin ta malaman zaure, siririya cikin kube na jar fata. Akwai ta Fulani makiyaya, mai tuntu a bakin kube. Akwai kuma masu naɗewa, waɗanda bakinsu ke kwanciya cikin ƙota kamar askar wanzami. Duk suna cikin wata adaka ta katako a ƙarƙashin gadonsa, makullin kuwa a tazugen wandonsa yake kwana.

Ranar Juma'a in an sauko daga masallaci an ci abinci, sai ya shimfiɗa buzu a inuwar ɗakinsa ya jawo adaka. Ya fito da su ɗai-ɗai ya jera. Ya tsiyayi man gyaɗata a murfin kwalba, ba tare da ya tambaye ni ba, ya tsoma gashin kaza yana shafa musu. Wadda ya ga ta fara dusashewa sai ya bi ta da toka da tsumma har ta yi ƙyalli. Sannan ya ɗalle ta da farce kusa da kunnensa, ya lumshe ido yana sauraro. Wai ƙarfen tama, wanda kakanni suka narka daga dutse, kukansa daban yake da na sifirin ɗin mota da maƙeran yanzu ke sarawa. Ni dai na saurara har na gaji, ƙarfe kawai nake ji. Kaifi kuwa a gashin hannunsa na hagu yake gwadawa, shi ya sa duk zaman da muka yi ban taɓa ganin hannun nan da gashi ba.

Ina son zaman nan na Juma'a, ko da yake a lokacin ban taɓa faɗa masa ba. Nakan ɗauko faifai in zauna kusa ina tsintar shinkafa, ina yi masa tsiya, shi kuma yana yi mini karatu. Ya nuna mini ɗigon tawada a kuben ta malamai. Ya sa in shinshina ta Fulani, in ji hayaƙi da man shanu da suka kama fatar har abada. Ya ce kowace wuƙa tana faɗin sana'ar mai ita, in mutum ya iya dubawa. Guda ɗaya ce ta gagare shi karantawa, wata baƙar ƙarama mai ƙotar itace. Ƙotar ta suɗe ta yi kwarmi ta ɓangaren da bai kamata ba, kaifin ma a karkace aka wasa shi. Kullum sai ya juya ta, ya sake juyawa, ya ce maƙerin da ya yi ta barci yake ji.

Sarauniyar adakar kuwa ita ce mai ƙotar ƙahon rago. Ta mahaifinsa ce, wanda ya rasu kafin a kawo ni gidan. Mai lambu ne a fadama tun zamanin ban ruwa da jigo, kafin a san za a yi wani abu wai kanal. Da wuƙar nan ya yi komai na rayuwarsa, daga yankan igiya har ɓara goro. Daga kanta maigidana ya fara tarin nasa, kuma ita ta fi shan toka da tsumma, kullum tana walƙiya kamar sabon kwano. Sau ɗaya ya taɓa bari na riƙe ta. Ta zauna mini a tafin hannu daidai, ta buɗe ba gardama, ta rufe da ɗan sauti mai daɗi. Nan take na ji duk duniya ita nake so a madafina. Na roƙa.

Ya ce, "Uwargida, gara ki roƙi rigar wuyana."

Na ce me zan yi da rigarsa, ai ba ta yanka albasa. Ya yi dariya ya karɓe abarsa. Tun daga ranar, duk Juma'a sai na roƙa, duk Juma'a sai ya hana, har abin ya zame mana kamar gaisuwa. In na manta ban roƙa ba, sai ya tambaye ni ko lafiya.

Yadda yake samun wuƙaƙen shi ne abin da ya sa aka san shi. Ba saye yake yi ba, don dattijo ba ya sayar da wuƙarsa, kunya yake ji. Musaya yake yi. In ya shiga birni kai tumatir, sai ya sayo sababbin wuƙaƙen kanti masu ƙyalli, masu ƙotar roba ja da shuɗiya. Ya zuba a jaka ya hau kekensa, ya bi gida-gida a ƙauyenmu, ranar kasuwa kuma ya leƙa Bunkure ko Madobi. Ba ni tsohuwa in ba ka sabuwa. Mutane suna rububi, suna miƙa masa tsofaffi suna ƙunshe dariya, a ganinsu sun sami wawa. Shi ma yana ƙunshe tasa dariyar, a ganinsa ya sami wawaye. Ban taɓa ganin cinikin da kowane ɓangare ya tashi yana tausayin ɗaya ba sai wannan. Kafin a ankara, da wuya ka shiga gida a unguwarmu ka tarar da wuƙar maƙera, duk sun koma ƙarƙashin gadon mutum ɗaya. Ni ma irin ta kantin ya ba ni, ja, wai ita ta dace da amarya. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Sai aka yi wata shekara da tumatir ya yi albarkar da ta zama abin tsoro. Kowa ya shuka, kowa nasa ya yi, kuma duk ya nuna a lokaci guda, daidai shigowar zafi. Motocin kudu da ke zuwa ɗiba suka cika suka tafi, ba su rage komai ba. A kasuwar bakin titi ta wajen Garun Malam har kwando ya fi abin da ke cikinsa daraja. Maigidana ya kai kaya ya yini a rana, da yamma ya dawo da shi gida, ruwan tumatir na ɗiga daga kwandunan. A gona kuma wani yana nan ja wur yana jiran tsinka. A kan tumatir ɗin nan muka ɗora komai na shekarar: taki, suturar yara, rufin ɗakin da ke yoyo. Ran nan ko tuwo bai ci da yawa ba.

Dabara ɗaya ce ta rage, a yanka a shanya a yi kauɗa. Busasshen tumatir ba ya lalacewa, in damina ta yi nisa ɗanye ya yi wuya, nemansa ake yi. Amma sai an tsaga kowane guda biyu, an shanya shi fuska sama, kuma da gaggawa, don nunannen tumatir ba ya jiran kowa a zafin nan. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, saboda haka na aika gida-gida na kira gayya. Na dafa shinkafa da wake tukunya guda, na dama fura. Da hantsi tsakar gidana ta cika da mata, kowace da tabarmarta da wuƙarta. Maza suna kawo kwanduna daga gona su ajiye a zaure, su kuma kwashi wanda aka yanka su kai fili bayan gari su shanya.

Kowace da wuƙarta, na ce. To wace wuƙa? Ja da shuɗiya, 'yan kanti, kyautar maigidana. Tumatir ɗin ya nuna luguf, fatarsa na santsi. Ka ɗora masa wuƙar nan, maimakon ta shige sai ta danne shi ya fashe, ruwa ya tsartu a ido, 'ya'yan su zube, a bar ka da tsumma a hannu. Aka kawo dutsen washi. A wasa ta, ta yanka biyu uku, ta koma gidan jiya. Wata ƙotarta ta cire, wata ta lanƙwashe. Rana ta take, ba mu ci ko kusurwar tarin ba, abin da muka yanka ma rabinsa miya ce. Mata suka fara waƙar zambo, ba su kama suna ba, amma duk wanda ke zaure ya san da wa ake.

A cikinmu akwai wata tsohuwa maƙwabciyarmu, kowa Iya yake ce mata. Mijinta ya daɗe da rasuwa, tana zaune wurin ɗanta. Ba ta da yawan magana, amma in ta yi ba a maimaitawa. Ta ajiye shuɗiyar wuƙarta a kan tabarma ta dube ni.

"'Yar nan, je ki gaya wa mijinki, wuƙaƙen garin nan suna ƙarƙashin gadonsa, abincinsa kuma yana ruɓewa a zaure. Ya zaɓa."

Na tashi, raina a ɓace, hannuna jage-jage. Na kira shi gefe a ƙofar zaure na isar da saƙo, na ƙara da nawa, wanda ya fi na Iya tsawo. Ya yi tsaye yana sosa ƙeya. Ya ce ruwan tumatir yana cin ƙarfe, zai baƙanta su, aikin shekaru zai lalace a yini guda. Ya ce mata ba su san darajarsu ba, za a yar da kube, za a kankare tukunya da su. Na ce to, in damina ta zo sai mu dafa adakar mu ci. Ya dubi kwandunan, ƙudaje sun fara taruwa. Ya dube ni. Sai na ga ya juya baya yana kwance tazuge. Ranar wanka ba a ɓoye cibiya.

Ni na ɗauko adakar a ka na dire ta a tsakiyar mata. Shi ba zai shigo cikin matan mutane ba, sai ya tsaya a bayan katanga yana ba da umarni kamar mai aurar da 'ya. A riƙe a hankali. Kada a kankara a ƙasa. A ajiye kube a inuwa. Babu wadda ta saurare shi, don ina buɗe murfin wuri ya rikice. Wannan ta ce ga ta babanta. Waccan ta ce wallahi wannan ta gidansu ce, ga inda akuya ta tauna kuben. Wata ta ɗaga siririyar nan ta fiƙe alƙalami ta ce da ita kakanta ya fiƙe mata alƙalamin farko. Sai guɗa, sai dariya, sai ka ce 'yan'uwa ne suka dawo daga aikin hajji.

Iya ba ta yi rububi ba. Sai da aka lafa ta miƙa hannu ta ɗauko baƙar ƙaramar nan da ta gagari maigidana. Ta juya ta, ta mayar da ita hannun hagu, babban yatsanta ya faɗa cikin kwarmin ƙotar daidai. Sai ta ɗaga murya yadda na bayan katanga zai ji, ta ce wannan ta mijinta ce, bahago ne, da kansa ya je ya sa maƙeri ya karkata masa kaifin. Ɗanta ne ya bayar da ita musaya ba da saninta ba, ta neme ta har ta haƙura. Daga bayan katanga muka ji maigidana yana salati, yana cewa bahago, ashe bahago ne. Murna a muryarsa kamar wanda aka yi wa albishir da ɗa namiji.

Daga nan aiki ya tashi. Wuƙar kirki ba a danna ta, ɗorawa ake yi. Ka ji tsit, tumatir ya rabu biyu, kowane ɓari da ruwansa da 'ya'yansa a ciki. Ƙwarya na cika, tasa na cika, maza suka koma gudu ba sa iya cim mana. Waƙar zambo ta koma ta yabo, aka sa sunan adaka a cikin amshi. Ni kuwa da na gama rabo sai na tarar babu wadda ta rage mini. Mai ƙahon rago dama ba ta cikin adakar, na lura tun da na buɗe, ya zare ta ya sa a aljihu. Na ɗauki jar wuƙata na koma gefe kusa da ƙofa, ina fama, ina matse tumatir ina haɗiye haushi.

Can na ji an yi gyaran murya a bakin zaure. Hannu ne kawai ya leƙo, hannun nan mara gashi. Ya ajiye abu a gefen tabarmata ya janye.

"Aro ne," in ji shi. "A ji ni da kyau, aro."

Ban taɓa yanka abu da daɗi irin na ranar ba. Na yi ta yi har la'asar sakaliya ban ji gajiya ba, ina yi ina murmushi ni kaɗai. Muka kwana biyu muna wannan aiki, filin bayan gari ya koma ja tun daga bakin kanal har gindin kuka. Abin da ya lalace kaɗan ne. Kauɗar nan ita ta riƙe mu a daminar, har aka yi rufin ɗaki.

Ranar da aka gama, kafin magariba, mata suka wanke wuƙaƙe suka mayar cikin adaka. Gaskiyar maigidana, duk sun yi baƙi. Iya ce ta ƙarshe. Ta fita zaure da kanta, ni ina biye da ita da adakar. Ta kwance bakin zaninta ta fito da wuƙar, ta wanke ta tas har ta shafa mata man kaɗanya. Ta miƙa masa ta ce ga amanarsa. Ya kama, amma ita ba ta saki da wuri ba. Na ga ya dubi hannunta, ya dubi ƙasa.

"Iya, riƙe abarki. Amma da sharaɗi, duk Juma'a zan zo in gaishe ta."

Ta ce in dai gaisuwa ce, ya haɗa da mai riƙon. Ta ɗaure ta a bakin zani ta tafi, tana tafe tana share ido, tana kuma dariya.

Maganar da aka yi a zaure, kafin isha ta gama unguwa. Washegari aka fara sallama. Wannan ya zo ganin lafiyar ta babansa, waccan ta aiko a tuna wa maigidana ta kakanta. Ya yi ƙunƙuni, ya ce an yi masa taron dangi, ya ce musaya ai musaya ce. Amma duk wanda ya zo sai ya zaunar da shi ya tambaye shi labarin wuƙar, wa ya ƙera, wa ya riƙe, me aka yi da ita. In labari ya ƙare sai ya miƙa, tare da sharaɗin nan na Juma'a. Wuƙaƙen ƙauyenmu duk suka koma gidajensu, aka bar adaka da baƙi, na kasuwannin nesa da na Fulanin da suka yi gaba. Tun daga lokacin Juma'arsa ta sauya. In an sauko sai ya sa dutsen washi a aljihu ɗaya, kwalbar man gyaɗata a ɗaya, ya bi zaure-zaure yana duba wuƙaƙensa. Har ya bar duniya haka yake kiransu, wuƙaƙena, masu su kuma ba su taɓa yi masa gardama ba.

Saura arona. Na wanke ta, na goge, amma ƙyallin ya tafi, bakinta ya yi duhu kamar gindin tukunya. Na kai masa a Juma'ar farko, yana zaune a kan buzu, toka da tsumma a gefensa. Na durƙusa na miƙa, na shirya jin faɗa. Ya buɗe ta ya ɗaga ta a haske. Ya daɗe yana kallo. Bai kai hannu ga tokar ba.

"Haka take a hannun Baba," ya ce, a hankali. "Baƙa ce. Ni ne na yi ta goge ta har na manta kamanninta."

Ya rufe ta, ya kamo hannuna ya sa mini a tafi. Ya ce in kai ta madafi, kada in bari ta sake yin fari. Na buɗe baki in yi masa tsiyar da na saba, sai hawaye suka riga ni. Na tashi na shiga madafi, na ɗauko albasa, ko da ba lokacin girki ba ne, don in sami abin da zan ɗora wa laifin hawayen.

Tana nan wurina har yau. Washi ya cinye ta, ta koma siririya, ƙahon ya yi santsi ya ɗauki siffar yatsuna. Jikokina sun sayo mini sababbi masu ƙyalli daga birni, suna cikin kwalla ban taɓa su ba. Wata jikata ta ɗora wa tsohuwar ido, duk zuwan da za ta yi sai ta roƙa. Ni kuma duk zuwa sai in ce gara ta roƙi zanin jikina.